Mutumin da Ke Tsayawa a Gaban Keke

Kafin in ɗaga ƙofar shagona da safe, Oga Nicodemus ya riga ya share gaban rumfarsa, ya share rabin gaban nawa, ya bar mini ɗaya rabin wai don kada in sangarce. Sai ya shimfiɗa tsohon buhun shinkafa a kan benci, ya jera filaya da sukudireba da ƙarfen liƙin dalma, ya ajiye wani gwangwanin tumatir a gefe. Cikin gwangwanin nan 'yan ƙananan maganaɗisu ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Ya rufe ido ya yi addu'arsa a tsaye, ya maƙala tabarau, sannan ya ƙwala mini kira: "Tela, ka tashi lafiya? Yau wa za a ce wa ya dawo gobe?" Ni kuma in ce gara ni, ban taɓa kwance wa mutum fanka na bar shi yana fifita da kwali ba. Da wannan muke buɗe kasuwa a layinmu na Ogui, cikin Enugu, tun gashin kanmu yana baƙi.

Sunana Muhyiddeen, ɗinki ne sana'ata, yabon mutane kuwa ba halina ba ne. Waɗanda suka san bakina za su shaida. Amma ƙarshen watan nan Oga Nicodemus zai naɗe buhunsa ya koma garinsu Kwoi, can kudancin Kaduna, ya je ya fama da gonar citta. Na ce wallahi ba zai tafi shiru kamar wanda ya zo cin kasuwar yini ɗaya ba.

Da gyaran rediyo ya fara a garin nan. Daga nan fanka, daga nan wayoyin okada, wato baburan haya. Da aka hana okada a cikin gari, mutanenmu da yawa suka rasa abin yi. Wasu suka koma gida, wasu suka kama keke napep, wasu suka yi ta gararamba. A 'yan shekarun nan ne kekuna masu caji suka fara shigowa daga Onitsha: keke ne sak, sai dai an sa masa inji a tayar baya, da batir, da totur a hannun dama irin na babur. Tsofaffin 'yan okada suka yi murna, suka koma kai saƙo da dakon kaya a kansu. Abin ba hayaƙi, ba layin mai, ba ƙara. Ashe rashin ƙarar nan ita za ta zame mana masifa.

Bari in yi wa wanda bai taɓa tuƙa babur ba bayani. A babur, ƙarfen da ke hannun hagu kuloci ne. In ka matse shi, ko ka murɗa totur har ƙarshe inji zai yi ta ihu ne kawai, babur ba ya motsi. Ɗan okada kuwa in ya tsaya, hagu na kan kuloci, dama na wasa da totur, da haka yake kiran fasinja. Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana wannan, ko barci yake yi hannunsa zai yi. To a keke mai caji, ƙarfen hagun nan birki ne, birkin keke kuwa ɗan roba ne da injin ya fi shi ƙarfi. Ka matse, ka murɗa, keke ya fizge ka.

Sai kuma gaisuwarmu. Mu ba ma gaisawa a guje. Mai keke zai tsaya, ya saki totur ya miƙo hannun dama. Kai da kake ƙasa ka karɓa da damarka, hagunka kuma sai ka dafa kan keken, daidai wurin da ya saki. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi kasuwa, a tambayi labarin gida, kai kuma kana ta jingina nauyinka a kan totur ba ka sani ba. Keken bai ce uffan ba, ba wanda ya san a kunne yake.

Haka ta faru da Baba Awwalu. Dattijo ne mutumin Haɗeja, amma tun yana saurayi ya zo Enugu. Nan ya yi aure, nan ya haifi ɗansa Haidar, nan aka binne matarsa Suwaiba. Ya yi okada har aka hana, yanzu nama yake kaiwa daga wurin mahauta zuwa gidajen abinci a kan kekensa mai caji. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a bakin layi, amininsa Muntaka mai goro ya zo gaishe shi, ya dafa kan keke. Ba su kai ga tambayar iyali ba keken ya yi tsalle, ya afka kan tiren Mama Nkechi mai sayar da okpa, wannan alalen gurjiya da mutanen Enugu ke karyawa da shi. Tire ya kife, tayar ta kwashe wa baiwar Allah fatar ƙwauri. Nan da nan aka taru. Mu da muke zaune a garin mutane mun san yadda ƙaramin abu irin wannan ke girma. Dattawan unguwa suka kai ta asibiti, aka ba da haƙuri, Allah ya rufa asiri.

Ba a daɗe ba keken Baba Awwalu ya sake. Wannan karon ba mai gaisuwa, shi kaɗai ne, yana jiran mota ta wuce a kan gangare. Keken ya kwashe shi ya zuba a kwata, shi da naman mutane. Aka ɗago shi goshi na jini, yana ta faɗin magana ɗaya: "Wallahi na riƙe kuloci. Na riƙe kuloci!" Samari suka tuntsire da dariya, wai ina keke ina kuloci. Kafin yamma magana ta zagaye unguwa cewa kan Baba Awwalu ya fara juyewa.

Haidar yaron kirki ne, kada wani ya ɗauka mugu nake zanawa. Yana da shagon kayan waya, yana kula da ubansa daidai gwargwado. Tsoro ne ya kama shi: yau ƙwaurin mai okpa, gobe ɗan wani. Ya yanke shawara zai karɓe keken, ya sa tsohon a motar arewa, ya je ya zauna wurin 'yan'uwa a Haɗeja. Garin da rabonsa da zama a cikinsa tun kafin a haifi Haidar ɗin. Baba Awwalu ya zo shagona ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ce, "Muhyiddeen, wa na sani a can? Duk sa'o'ina sun mutu. Suwaiba tana nan. Wa zai riƙa zuwa wurinta ran Juma'a?" Tausayinsa ya kama ni har na kasa taka keken ɗinki. Amma ban da haƙuri ban san abin da zan ba shi ba.

Oga Nicodemus yana jin mu daga rumfarsa. Shi kaɗai ne a layin nan bai yi dariyar kulocin ba. Ya taso yana goge hannu, ya ce, "Malam Awwalu, je ka turo mini keken." Da aka kawo, ya cire makulli ya sa a aljihu, ya ce, "Hau. Yi kamar kana bakin titi kana jiran hanya. Kada ka kula ni." Tsohon ya hau, ya sa ƙafa a ƙasa. Ba a jima ba sai ga hagu ta matse ƙarfe, dama ta fara murɗa totur a hankali, shi kuma idonsa na kan titi, bai ma san yana yi ba.

Oga Nicodemus ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Tela, ka gani? Kan mutumin nan lafiya lau. Hannunsa abin da aka koya masa yake yi. Keken ne ba a koya masa komai ba."

Ya kwance akwatin da ke ƙarƙashin sirdi, wanda ke raba wa inji wuta. A ciki ya tarar da 'yar waya a naɗe da salatif, ba a haɗa ta da komai ba. Ya ce wannan ita ce aka yi domin birki ya gaya wa inji ya tsaya, masu haɗa kekunan ne ke barin ta haka saboda sauri. Ya ɗauko maganaɗisu ɗaya daga gwangwani ya liƙa a jikin hannun birki. Dab da shi ya liƙa wani ɗan makunni mai jin maganaɗisu, ya ja siririyar waya ta bi jikin keken har cikin akwati. In hannun birki na zaune, maganaɗisu na kusa da makunnin, wuta na tafiya. Da ka taɓa birki ya matsa, wuta ta yanke. Ya yi wa hagu, ya yi wa dama. Ya yi ta matsar da abin nan kaɗan-kaɗan har sai da ya zama wuta na yankewa tun kafin roba ta taɓa taya. Sannan ya yanko tsohon tib ya naɗe mahaɗar, ya bi da gam, domin ya san ruwan saman garin nan ba ya wasa.

Washegari Haidar ya zo ɗaukar keken, ya ce ya riga ya kama wa Baba kujera a mota. Oga Nicodemus ya ce, "Ɗana, ba ni ɗan lokaci ka ga wani abu, in ya so ka tafi da shi." Ya aika aka kira Muntaka mai goro. Mutane suka fara taruwa, har Mama Nkechi ta ɗingiso da bandeji a ƙafa. Oga Nicodemus ya ɗaga tayar baya ya gwada a iska, ta tsaya cak. Sai ya sauke, ya ce Baba Awwalu ya hau, ya kunna. Shi kuma ya zagayo gaba, ya tsaya ya sa tayar gaba a tsakanin ƙafafunsa, ya goya hannu a baya.

Haidar ya ce, "Haba Baba Nico, matsa mana! Abin nan zai karya ka."

Ya ce, "In ya karya ni, ka sa mu a mota tare. Malam Awwalu, riƙe kulocinka. Malam Muntaka, zo ka gaishe da abokinka yadda ka saba."

Muntaka ya matso. Ya miƙa hannu, ya dafa kan keke da ɗan yatsa kamar mai taɓa tukunyar zafi. Oga Nicodemus ya ce, "A'a, ba haka kake yi ba, mun san ka. Jingina sosai. Murɗa ma." Muntaka ya rintse ido ya murɗa totur har ƙarshe. Ni dai salati nake yi. Keken ko gezau. Baba Awwalu ya dubi amininsa ya ce, "To, ina gajiya?" Muntaka ya buɗe ido ya ce, "Ba gajiya." Suka tambayi iyali, suka tambayi kasuwa, suka yi gaisuwar nan da aka katse musu ran Juma'a har ƙarshenta, mutumin nan yana tsaye a gaban taya bai motsa ba. Mama Nkechi ta tafa hannu ta ce, "Oga Nico, do am for all of dem, abeg!" wato ya yi wa duk kekunan unguwa haka.

Haidar bai yi dariya tare da mutane ba. Ya ce, "Na gani. Amma in wata rana hannun nasa ya kasa matsewa fa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma Oga Nicodemus bai lallaɓa shi da ƙarya ba. Ya ce, "Ranar keken zai tafi da shi. Ni ba na gyara tsufa. Amma na yi maka alkawari, ranar da hannun nan ya kasa, ni da kaina zan zo shagonka in gaya maka. Kafin nan, ka bar shi kusa da matarsa." Haidar ya kalli ubansa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ciro waya ya kira 'yan tasha ya ce a ba wani kujerar.

Oga Nicodemus, kai ne mai tsayawa a gaban keke. Tun daga ranar nan ban ga keke mai caji ya bar rumfarka ba sai ka tsaya a gabansa da ƙafafunka. Na sha ce maka wata rana za mu kwashe ka a faranti, kana cewa in kai da ka yi aikin ba ka yarda ka tsaya ba, don me ɗan makarantar da ke tsallaka titi zai yarda. Kai ne wanda ko faci aka kawo maka sai ka leƙa ƙarƙashin sirdi, in ka ga wayar nan a naɗe ka ce keke ba ya fita. An yi maka tsaki, an ce ka cika naci, wani har ya ja kekensa ya tafi yana zage-zage, ya dawo bayan ya sha ƙasa, ka karɓe shi ba ka ce masa kanzil ba. Ni da ni ne da sai ya ji a jikinsa.

Labari ya bi motocin kasuwa. Oga Nicodemus ya shiga mota da kansa zuwa Onitsha ya zauna da masu haɗa kekunan, wasu suka saurare shi, wasu suka ce ya tafi ya ba su wuri. Faruk, wani bakanike magidanci daga Mile 2 Diobu a Fatakwal, ya zo ya zauna a rumfar nan ya koya, ya koma da maganaɗisu cike da aljihu. An ce shi ma yanzu tsayawa yake yi a gaban keke, mutanen Diobu suna cewa bai da hankali.

Alkawarin da Oga Nicodemus ya yi wa Haidar kuwa, na ga yadda ya riƙe shi. Kullum da safe Baba Awwalu zai tsaya a gaban rumfa da namansa, Oga Nicodemus ya taso su gaisa. Sai ya miƙa hannu biyu, ya kama dama, ya kama hagu, ya riƙe har gaisuwa ta ƙare. Na daɗe ina ɗauka girmamawa ce kawai. Ashe ƙarfin yatsun tsohon yake aunawa, ba tare da ya kunyata shi a gaban mutane ba.

Da ka tambaye ni wa zai fara ajiye aiki a cikinsu, da na ce Baba Awwalu. Ashe ba haka ba ne. Kwanakin baya da la'asar aka kawo wani keke, Oga Nicodemus ya yi masa aikin, ya gwada a iska, ya zagayo ya tsaya a gaba kamar kullum. Mai keken ya matse birki ya murɗa totur. Keken bai motsa ba, amma na ga ƙafar Oga Nicodemus ta ja baya kaɗan. Ba wanda ya lura sai ni. Ya sa aka bar masa keken, washegari da hasken safiya ya kwance aikin duka ya sake. Da ya gama ya shigo shagona ya zauna, ya cire tabarau. Ya ce, "Tela, ka gani ko? Idona bai ga wayar nan sosai ba, da lalube na liƙa ta. Ban gaya wa kowa ba, amma ƙafata ta sani. Zan gaya wa Martina ta fara haɗa kaya." Martina matarsa ce. 

Da labari ya kai wa Baba Awwalu, ya zo da safe ya tsaya a gaban rumfa, bai sauka daga keke ba. Ya ce, "Nico, an ce za ka tafi. To wa zai riƙa duba mini hannu?"

Oga Nicodemus ya ce, "Au, ka sani?"

Tsohon ya ce, "Haba! Wa ka taɓa gani yana gaisuwa yana matsa wa mutum yatsun hagu? Tun ranar farko na sani. Shi ya sa ban taɓa fashin zuwa ba."

Oga Nicodemus ya aika aka kira Haidar daga shago. Ya kama hannun uban na hagu ya sa a cikin na ɗan, ya ce, "Daga yau aikinka ne. Kullum da safe, hannu biyu. Ba sai ka ce masa komai ba, ka gaishe shi kawai." Haidar ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" Sai muka ji ya yi ƙara: "Wayyo, Baba, za ka karya mini yatsu!" Tsohon ya ce, "To je ka gaya wa 'yan tasha." Muka yi dariya har da hawaye, ni dai nawa ba na dariya ba ne duka.

Mun gode, Oga Nicodemus. Mun gode a madadin ƙafafun da ba su karye ba, waɗanda masu su ba su ma san sunanka ba. Allah ya kai ka Kwoi lafiya, ya sa wa citta albarka, ya bar maka sauran hasken idonka. Ku masu keke mai caji, daga Ogui har Onitsha har Diobu, ku leƙa ƙarƙashin sirdinku, in wayar nan tana naɗe ku kai a haɗa ta yau. Ku masu sana'ar hannu, har da mu teloli, kowa ya tambayi kansa ko zai iya tsayawa a gaban aikinsa. Ku kuma 'ya'ya, kafin ku ce tsoho ya ƙare, ku kama hannunsa tukuna ku ji.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, na hangi Baba Awwalu a bakin layi. Muntaka ya dafa kan keke, sun gaisa son ransu, Mama Nkechi tana gefe da tirenta ko ɗago kai ba ta yi ba. Da suka gama ya saki birki, ya bi hanyar maƙabarta a hankali, zai je wurin Suwaiba.